Kuɗin Rabin Aji: Nawa Aka Kashe, Me Yaro Ya Samu?



Duk sa'ad da aka zo buɗe sabon ajin share fage a wata firamare, wanda iyayenmu ke kira rabin aji, akwai maganar da ba ta ɓacewa a bakin masu jawabi. Za ka ji babban baƙo ya gyara tsayuwa ya ce, duk naira 1 da aka kashe a kan ilimin ƙananan yara, al'umma za ta girbi naira 7. Wani ya ce 10, wani ma ya kai ta 16. A yi tafi, a ɗauki hoto, a watse. Maganar tana da asali, ba ƙirƙirarta aka yi ba. Amma da wuya ka ji wani ya tambayi babban baƙon daga ina wannan lissafi ya fito, kuma shin ginin da aka buɗe yau shi ne irin abin da ya haifar da waccan riba. A kan haka sharhinmu na yau zai tsaya: yadda ake auna abin da aka kashe da abin da yaro ya samu, da dalilin da ya sa ya kamata wannan awo ya zama shi ke raba kuɗin ilimin 'yan shekara 5 zuwa ƙasa.

Mu fara da inda lambar ta fito. A shekarar 1962, a wani ƙaramin gari mai suna Ypsilanti da ke jihar Mishigan ta Amurka, wani masanin halayyar yara, David Weikart, ya fara gwaji a makarantar Perry. Yara 123 aka ɗauka, dukansu baƙaƙen fata daga gidajen talakawa, 'yan shekara 3 da 4. Aka raba su gida biyu: 58 suka shiga shirin, 65 aka bar su yadda suke. Waɗanda suka shiga suna zuwa aji awa biyu da rabi kowace safiya a ranakun aiki, sannan malama ta bi yaro har gida sau ɗaya a mako, ta zauna da shi da mahaifiyarsa na awa ɗaya da rabi. Malamai ne masu cikakkiyar shaidar koyarwa, kuma kowace ɗaya yara 5 ko 6 ne a hannunta. Ku riƙe wannan adadi, za mu bukace shi.

Da farko abin ya yi kamar an yi asara. Fifikon da yaran suka nuna a gwajin ƙwaƙwalwa ya dusashe kafin su gama firamare. Amma masu binciken ba su rufe littafi ba, suka ci gaba da bin sawun yaran har suka zama magidanta. Da suka kai shekara 40, sai aka ga kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka shiga shirin suna samun dala 20,000 ko fiye a shekara, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 40 ne. Waɗanda aka taɓa kamawa sau 5 ko fiye, kashi 36 ne a cikin 'yan shirin, kashi 55 a cikin sauran. Cibiyar da ta gudanar da aikin ta buga lissafinta, ta ce kowace dala 1 ta dawo da kusan dala 16. Daga baya James Heckman na Jami'ar Shikago, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2000, ya sake tankaɗe alƙaluman tare da abokan aikinsa a 2010. Suka rage kumfar, suka ce ribar tana tsakanin kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a kowace shekara, wato kimanin dala 7 zuwa 12 a kan kowace dala. To, kun ji mafarin maganar babban baƙonmu.

Sai dai akwai abin da ba a faɗa a wajen bikin. An kashe wa kowane yaro na Perry sama da dala 15,000 a ƙimar kuɗin shekarar 2000. Kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na ribar da aka lissafa wa jama'a daga raguwar aikata laifi ta fito, wato kuɗin kotu da na gidan yari da asarar waɗanda da an cuta. A Amurka tsare fursuna ɗaya na shekara guda yana cin dubban daloli masu yawa, shi ya sa hana yaro ɗaya faɗawa wannan hanya yake kumbura lissafi haka. Wanda ya ɗauko wannan lamba ya ɗora ta a kan ajin da malama ɗaya ke fama da yara 80 a kan tabarma, babu littafi, babu abin wasa, albashinta ma sai an ga dama, bai yi wa lissafi adalci ba, bai kuma yi wa yaran ba.

Amurkawan da kansu sun ɗanɗana wannan. Jihar Tennessee ta faɗaɗa ajin share fage ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, kuma da yake masu nema sun fi gurabe yawa, ƙuri'a aka riƙa jefawa. Wannan ya ba masana na Jami'ar Vanderbilt damar kwatanta waɗanda suka dace da waɗanda ba su dace ba, yara kusan 3,000. A ƙarshen shekarar farko 'yan ajin suna gaba. Da aka je aji 6, a sakamakon da aka fitar a 2022, sai ga su a baya a jarrabawar lissafi da ta karatu, kuma sun fi sauran shiga hannun hukumar makaranta kan rashin ladabi. Ɗaya daga cikin masu binciken, Dale Farran, ta danganta hakan da yadda ajujuwan suke: an zaunar da 'yan shekara 4 ana ta zuba musu darasi kamar manya, lokaci mai yawa yana tafiya a jerin gwano da jiran layi, wasa kuwa kaɗan. A birnin Boston kuma labarin ya juya. Yaran da ƙuri'a ta ba su gurbi tsakanin 1997 da 2003 ba su fi kowa maki a jarrabawar jiha ba, amma sun fi sauran gama sakandare da shiga manyan makarantu. Suna ɗaya, ƙasa ɗaya, sakamako daban. Abin da ke gudana a cikin ajin shi ya raba su.

To yaya ake wannan awo? Ba wani tsafi ba ne. Tambayoyi ne da duk mai riƙe da amanar kuɗin jama'a ya kamata ya iya amsawa. Nawa shirin yake ci a kan kowane yaro a shekara? Me ya canza a rayuwar yaron? Kuma ya canza ne idan aka kwatanta shi da wa? Tambayar farko ta fi yadda ake zato wuya. Wani masani ɗan Amurka, Henry Levin, ya daɗe yana koyar da cewa a jera duk kayan haɗin shirin ɗaya bayan ɗaya a sa musu farashi, har da waɗanda ba su fito a takardar kasafi ba: ɗakin da mai unguwa ya bayar aro, lokacin da uwa ta bar sana'arta ta zo zaman horo, mai da babur ɗin jami'in sa ido, guminsu 'yan sa kai da aka ce kyauta suke yi. Shirin da ya dogara da 'yan sa kai yana da arha a takarda, amma ranar da gwamnati ta karɓe shi, dole ta biya su, ko su watse. Tambaya ta uku kuwa ita ce zuciyar aikin. Yaro ɗan shekara 4 yana ƙaruwa ko an sa shi a makaranta ko ba a sa shi ba. Idan ka gwada shi a farkon shekara da ƙarshenta ka ga ya ƙaru, ba ka tabbatar da komai ba tukuna, sai ka ajiye shi kusa da takwaransa da bai shiga shirin ba. Shi ya sa masu bincike ke son ƙuri'a, don kada a ce ai 'ya'yan masu hali ko masu wayo ne aka tsinto.

Lissafin iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai irin na Perry, wanda ke mayar da komai kuɗi, albashin gaba da harajin da za a biya da laifin da ba a aikata ba, sannan a rage darajar abin da sai bayan shekara 30 zai zo, domin nairar yau ta fi ta gobe. Wannan yana bukatar jira da hasashe mai yawa. Akwai kuma mai sauƙi, wanda ya fi dacewa da kwamishinan da ke da kasafin shekara guda a gabansa: a tsayar da buri ɗaya, a ce yaro ya shiga aji 1 yana iya magana da sauraro da ƙirga da zama da 'yan'uwansa, sannan a duba wace hanya ce ke kai yara mafi yawa ga wannan buri da kuɗi ɗaya. Mu ƙaddara jiha tana da naira miliyan 100. Tana iya gina 'yan ajujuwa da su. Tana iya horar da malaman da ke cikin ajujuwan da ake da su, ta riƙa bin su tana duba aikinsu. Tana iya tura ma'aikatan lafiya na unguwa su koya wa iyaye mata yadda ake wasa da hira da jariri. Duka ukun alheri ne, amma kuɗin ba za su yi ukun ba, kuma wanda ya zaɓi ɗaya ya bar biyu ko ya sani ko bai sani ba.

Nan ne labarin Jamaika ya shigo, kuma ni a ganina ya fi na Perry kusa da halin da muke ciki. A 1986, a unguwannin talakawa na birnin Kingston, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madarar gari kilo 1 duk mako. Wasu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, ta zo gida awa ɗaya a mako har shekara 2, ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta riƙa kiran sunayen abubuwa, ta yaba masa idan ya yi daidai. Kayan wasan ma a gida ake haɗa su, da robobi da gwangwanaye da tsumma. Wasu suka samu duka biyun, wasu kuma kulawar asibiti ta yau da kullum kaɗai. Babu gini, babu kujera, babu kayan makaranta. Bayan shekara 20 aka nemo su. Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100, har sun kamo takwarorinsu da ba su taɓa tsumburewa ba. Madarar kuwa, duk da amfanin da ta yi wa jikinsu a lokacin, ba a ga sawunta a abin da suke samu ba bayan sun girma.

Da jin haka ƙasashe suka yi ca a kan tsarin. Kolombiya ta gwada shi a garuruwa 96, ta hannun matan da al'umma ta zaɓa su wakilce ta a shirin tallafin kuɗi na gwamnati. Bayan wata 18 an ga ci gaba a fahimtar yaran, amma bai kai na Kingston ba, kuma da aka koma bayan shekara 2 ya ɓace. Abin da ƙwararru suka yi wa yara 'yan kaɗan da idonsu a kai, idan aka miƙa shi ga dubbai, horo yakan ragu, sa ido ya yi sako-sako, tasiri ya tsinke. Duk mai lissafin da ya ɗauki sakamakon ƙaramin gwaji ya ninka shi da yawan yaran jiha, ya shirya jin kunya.

Sai kuma jihar Odisha ta Indiya, inda aka yi gwajin da ya fi kowanne nuna amfanin awon da muke magana a kai. A ƙauyuka 192 aka kwatanta hanyoyi biyu na isar da darasi iri ɗaya. A wasu ƙauyukan ana bin uwa gida, a wasu kuma ana tara mata 7 ko 8 da 'ya'yansu wuri ɗaya sau ɗaya a mako. Bayan shekara 2, ci gaban da yaran suka samu a fahimta da harshe kusan ɗaya ne. Amma ziyarar gida tana cin dala 135 a kan kowane yaro a shekara, zaman rukuni kuwa dala 38. Kuɗin da zai kai ga yaro 1 a wancan tsarin zai kai ga fiye da 3 a wannan. Ba don an auna ba, da kowa zai rantse bin gida ya fi, tunda shi ne na asali kuma shi ya fi tsada. Akwai dai ɗan gargaɗi a ciki: matan da ke halartar zaman rukuni ba su kai yawan waɗanda ake samu a gida ba. Mai tsara irin wannan a wurinmu, inda fitar matar aure ke da nata sharuɗɗa, dole ya fara da tambayar a gidan wa za a zauna, kuma an shawo kan maigida ko ba a shawo ba.

A nahiyarmu ma an yi awon. A lardin Gaza na ƙasar Mozambik, daga 2008, ƙungiyar Save the Children ta taimaka wa ƙauyuka 30 suka kafa ajin share fage, mutanen gari suka ba da fili da aikin hannu, aka horar da 'yan garin su koyar. Kuɗin wajen dala 3 ne a wata a kan kowane yaro. Binciken Bankin Duniya ya gano yaran sun fi shiga firamare, kuma a kan lokaci. Ya kuma gano wata riba da ba a nema ba: yayyensu sun fi zuwa makaranta, iyayen kuma sun fi samun damar fita neman na kansu. Duk wanda ya san yadda ake hana yarinya 'yar shekara 10 zuwa aji don ta yi renon ƙaninta ya san wannan riba ba ƙarama ba ce, kuma lissafin da bai sa ta ba ya tauye shirin.

Ghana, wadda ta sa shekara 2 ta share fage cikin ilimin tilas kyauta tun wajen 2008, ta ba da wani darasin mai ɗaure kai. A makarantu 240 na yankin Accra aka horar da malamai su rage haddar dole da bulala, su ƙara wasa da tattaunawa. Yaran suka amfana. A wasu makarantun sai aka ƙara da tarukan wayar da kan iyaye, da zaton alheri zai ninku. Abin mamaki, a nan ne ribar ta zube. Bayanin da aka fi karkata gare shi shi ne iyayen ba su gamsu da karatun da ke kama da wasa ba, suna son su ga rubutu cike da littafi da aikin gida. An ƙara kuɗi, an rage amfani. Wace hanya ce ta gano haka in ba awo ba?

A Jamhuriyar Nijar, shirin tallafin gwamnati ya riƙa ba gidaje jaka 10 ta sefa duk wata, a wasu ƙauyukan Dosso da Maraɗi aka haɗa da horar da iyaye kan reno. Binciken ya nuna halayen iyayen sun gyaru, zamantakewar yaran ta ɗan inganta, amma tsayinsu da fahimtarsu ba su motsa ba. A Najeriya kuwa, a Anka da Tsafe ta Zamfara, da Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma ta Jigawa, an riƙa ba mata naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, tun daga goyon ciki har yaro ya cika shekara 2, tare da faɗakarwa kan shayarwa da ciyarwa. Da aka kwatanta da ƙauyukan da ba su samu ba, tsumburewar yara ta ragu da kimanin kashi 8 cikin 100. Na kawo waɗannan ne don kada wani jami'i ya ce irin wannan bincike sai ƙasashen Turawa. An yi shi a Gagarawa.

Yanzu mu zo kan kuɗinmu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC. Rabin wannan kuɗi ana ba jihohi ne bisa sharaɗin kowace ta ajiye nata kason daidai da shi, kuma shekara da shekaru ana kukan biliyoyin naira na kwance saboda wasu jihohin ba su ajiye ba. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 5 cikin 100 kacal ne rabon ajin share fage, firamare ta ɗauki 60, ƙaramar sakandare 35. Alhali taron duniya da aka yi a Tashkent a Nuwamban 2022 ya nemi ƙasashe su ware aƙalla kashi 10 na kuɗin ilimi ga wannan mataki. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta sa shekara guda ta share fage cikin tsarin karatu, amma har yanzu yaran da ke zuwa irin wannan aji a tsakanin 'yan shekara 3 da 4 ba su kai rabi ba a faɗin ƙasar, a ƙauyukan arewa kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba.

Ƙarancin kuɗin matsala ce. Inda ɗan abin da ake da shi ke tafiya ita ce ta fi damuna. Kaso mafi tsoka yana ƙarewa a bulo da kwano da fenti da kujeru. Wani kwamitin masana da Bankin Duniya da gwamnatin Birtaniya suka kafa ya fitar da rahoto a 2020, ya sabunta shi a 2023, inda ya jera hanyoyin kashe kuɗin ilimi daga mafi riba zuwa mafi asara. Ajin share fage mai inganci, da koya wa iyaye yadda za su motsa ƙwaƙwalwar jariri, duka suna cikin sayayya mai kyau. A layin asara kuwa akwai raba kwamfutoci kawai, da zuba gine-gine da kayan aiki ba tare da an taɓa yadda ake koyarwa ba. Babu wanda ya ce a bar yara a rana. Inda babu inuwa, a yi rumfa, inda babu makewayi da ruwa, a samar. Amma mun san dalilin da ya sa gini ke cinye horo. Gini yana da kwangila, yana da allon suna, yana da ranar buɗewa. Malamar da aka koya wa yadda za ta durƙusa ta saurari ɗan shekara 4 ba ta fitowa a hoto, kuma amfaninta sai wanda ya sa hannu a takardar ya daɗe da barin kujera zai bayyana.

Duk da haka, kada a ɗauka ina cewa a miƙa wa na'urar lissafi ragamar komai. Awon yana da makafin wurare. Yaron da ke rugar Fulani, ko a tsibirin tafkin Chadi, ko a sansanin 'yan gudun hijira, ko mai lalurar ji da gani, kai masa ilimi ya fi tsada ninkin-ba-ninkin a kan ɗan cikin birni. Idan arha kaɗai aka bi, kullum shi za a tsallake. Wannan hukunci ne na adalci, shugabanni ne za su yanke shi, su ce waɗannan yara za mu kai gare su ko nawa ne, sannan a kira masu lissafi su nemo hanya mafi sauƙin kai wa. Haka kuma abin da aka zaɓa a auna shi malami zai bi. Idan aka ce ma'aunin nasara shi ne yaro ya rera baƙaƙe daga farko zuwa ƙarshe, to za a samu ajujuwa cike da masu rerawa, a maimaita kuskuren Tennessee da kuɗinmu. Perry da Boston sun nuna abin da ya fi daɗewa tare da yaro shi ne iya haƙuri da natsuwa da zama da mutane, waɗanda jarrabawar takarda ba ta cika kamawa ba. Sannan a tuna yaranmu ba daga sarari suke faɗowa ba. Da yawansu suna makarantar allo ko islamiyya tun suna shekara 3, wurin yana nan, malamin yana nan, iyaye sun yarda da shi. Ko ƙara wa waɗannan malamai horo da kayan aiki zai fi sabon gini riba, tambaya ce da gwaji zai iya amsawa, kuma jami'o'inmu da kwalejojin iliminmu suna da mutanen da za su yi shi.

Saboda haka kirana ga 'yan majalisun jihohi, musamman 'yan kwamitin ilimi: idan shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ya zo kare kasafinsa, kada ku tsaya a ajujuwa nawa aka gina. Ku tambaye shi nawa aka kashe a kan kowane yaro na rabin aji a bara, yara nawa ke gaban malama ɗaya, malamai nawa ne suka karanci renon ƙananan yara, sau nawa jami'in sa ido ya shiga ajin ya zauna. Ku sa sharaɗi cewa duk sabon shiri a ware masa ɗan kaso na awo, a fara shi a wasu ƙananan hukumomi a kwatanta da wasu, a kuma buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Gwamnonin da kasonsu ke kwance a Abuja, su ajiye nasu su ɗauko. 'Yan'uwana 'yan jarida, idan babban baƙo ya sake cewa naira 1 za ta haifi 7, ku tambaye shi a wane aji. Ku kuma iyaye da 'yan kwamitin kula da makaranta, ku leƙa rabin ajin unguwarku a cikin makon nan, ku ƙirga yaran, ku ga ko malamar ta san sunan kowannensu, sannan ku kai abin da kuka gani gaban sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku.